Silimar motoci ta garin Pennsauken: tarihin filin da ya ɓace

A gabashin ƙasar Amurka, cikin jahar Niyu Jarsi, akwai wani ƙaramin gari da ake kira Pennsauken. Yana manne da birnin Camden, kogin Delaware ne kuma ya raba su biyun da birnin Filadalfiya. Duk wanda ya bi babbar hanyar garin a yau, wadda ake ce wa hanyar Admiral Wilson, ba abin da zai gani sai kwalta da gine-gine da motoci masu wucewa a guje. Amma a bakin wannan hanya ne, ranar Talata 6 ga watan Yuni na shekara ta 1933, aka buɗe wata irin silima wadda ta zama abin koyi ga dubban garuruwa: silimar da mutum ke shiga da motarsa, ya tsaya gaban allo, ya yi kallo ba tare da ya fito daga cikinta ba.

Mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai waɗanda suka manyanta sun san silima marar rufi, inda ake zama bisa benci, taurari na bisa kai. Ita ma ta Pennsauken ba ta da rufi. Bambancin kawai shi ne babu benci babu kujera, motar kowa ita ce mazauninsa. Filin bai wuce shekara 3 yana aiki ba, yau kuma ko alamarsa babu. Duk da haka tarihinsa ya cancanci a ba da shi, domin mota da fili mai arha a bayan gari, waɗanda suka haifi wannan sana'a, su ne kuma suka taru suka binne ta.

Mai dabara da gwajinsa

Sunan mutumin da ya kafa filin Richard Hollingshead. Mahaifinsa yana da ma'aikata a Camden, inda ake yin man goge mota da kitsen inji da sauran kayan gyaran motoci, shi kuwa ɗan yana kula da sashen sayarwa. Saboda haka ya san yadda Amurkawa suka shaƙu da mota. Tun daga shekara ta 1908 kampanin Ford ya fara ƙera wata mota mai sauƙin kuɗi, wadda ya sayar da miliyon 15 daga cikinta kafin ƙarshen 1927. Zuwa 1929, motocin hawa da aka yi wa lamba a ƙasar sun kai wajen miliyon 23.

A wannan shekara ta 1929 ne tattalin arzikin Amurka ya karye. Bankuna suka rufe, ma'aikatu suka sallami mutane, har ya zama a 1933 kusan ma'aikaci 1 cikin 4 ba shi da aikin yi. Hollingshead ya lura da cewa kome tsananin talauci, akwai abu biyu da mutanen ƙasarsa ba sa son rabuwa da su: motarsu da kallon fim. Sai ya yi tunanin gama su wuri ɗaya. Ana kuma ba da labari cewa mahaifiyarsa mace ce mai jiki, kujerun silima suna matse ta, wai wannan ma yana cikin abin da ya sa shi tunanin.

A ƙofar gidansa, cikin garin Riverton da ke kusa, ya fara gwaji. Ya ɗora injin majigi ƙirar Kodak na 1928 bisa hancin motarsa, ya kafa farin ƙyalle a jikin itatuwa, ya ajiye rediyo a bayan ƙyallen domin ya ji yadda murya za ta fita, in tagogin mota suna buɗe da in suna rufe. Har ruwa ya watsa wa motar da abin ban-ruwan lambu, don ya ga ko ana iya kallo cikin ruwan sama.

Babbar matsalar da ya ci karo da ita mai sauƙin fahimta ce. Idan motoci suka jeru a fili shimfiɗaɗɗe, ta gaba tana tare wa ta baya allo. Ya yi ta jera motoci yana sa katako ƙarƙashin ƙafafunsu na gaba, yana auna tazarar da ke tsakaninsu, har ya gano tsarin da ya dace. Za a yi layuka masu lanƙwasa kamar baka, duk suna fuskantar allo. A kowane layi za a tayar da ɗan tudun ƙasa, mota ta hau shi da ƙafafun gaba, hancinta ya ɗaga, na ciki su hango allo ta bisa rufin motar da ke gabansu. Tsakanin layi da layi kuma a bar hanya, domin wanda ya so fita ya fita ba tare da ya tayar da kowa ba.

Kafin shi, an taɓa nuna wa masu motoci fim a fili a wasu wurare, kamar garin Las Cruces a 1915 da garin Comanche na jahar Teksas a 1921. Amma shi ne ya fara zana wa abin tsari, ya kai wa hukuma domin a shaida cewa nasa ne. Ya shigar da takardunsa ranar 6 ga Agusta 1932, ranar 16 ga Mayu 1933 kuma aka ba shi takardar shaidar ƙirƙira mai lamba 1909537. Ma'anarta ita ce har tsawon shekara 17, ba mai ikon gina irin wannan fili sai da izininsa, kuma sai ya biya shi.

Daren farko

Hollingshead ya gama hannu da wani ɗan'uwansa mai suna Willie Warren Smith da wasu abokai, suka zuba jarin da ya kai wajen dala dubu 30. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar da ake ƙirga kuɗi da ita a kasuwar Maraɗi ba. Wurin da suka zaɓa kuwa ba da ka suka zaɓe shi ba. A 1926 an gama babbar gadar da ta gama Filadalfiya da Camden, hanyar Admiral Wilson ita ce ke kwashe motocin da suka ƙetaro gada ta nufi da su cikin jahar. Filin jirgin saman da ke yi wa Filadalfiya aiki a lokacin yana nan kusa. Ga masu wucewa da yawa, ga ƙasa tana da arha domin bayan gari ne.

Cikin mako 3 aka gama gini. Filin yana ɗaukar mota wajen 400. Allon yana da faɗin metir 15 da tsayin metir 12. Kuɗin shiga rubu'in dala ne na mota, da rubu'in dala na kowane mutum, amma kome yawan waɗanda ke cikin mota ba za a karɓi abin da ya wuce dala 1 ba. Fim ɗin da aka buɗe da shi na ban dariya ne, daga Ingila, sunansa Wives Beware, watau mata ku yi hattara, ɗan wasa Adolphe Menjou ne tauraronsa.

Tallar da aka buga a jaridu ta nuna waɗanda ake nema. An gayyaci iyali gaba ɗaya, an ce kome surutun yara a zo da su. A silimar cikin gari dole mutum ya yi shiga ta fita kunya, ya nemi mai zama da jariri, ya nemi inda zai ajiye mota, ya kuma yi shiru cikin zauren. A nan kuwa magidanci yana iya zuwa da kayan aikinsa a jiki, ya yi hira da matarsa, yara su yi barci a kujerar baya. Tsofaffi da naƙasassu, waɗanda hawan matakala da cunkoso ke wahalarwa, su ma sun sami wurin zuwa.

Abin da ya karya filin

Mutane sun zo, amma riba ba ta zo ba. Dalili na farko shi ne murya. Kampanin RCA, wanda shi ma a Camden yake, ya kafa manyan amsa-kuwa 3 kusa da allo, su ne ke ba da murya ga filin duka. Na gaba suna kukan ƙara ta yi yawa, na baya ba sa ji sosai. Ga kuma wani abu da ba mai iya gyarawa: haske yana isowa nan take, murya kuwa tana tafiyar metir wajen 340 ne a daƙiƙa. Wanda ke nesa da allo da metir 100 sai ya ga bakin ɗan wasa ya motsa, maganar ta iso masa bayan kusan sulusin daƙiƙa. Bugu da ƙari, ƙarar ba ta tsayawa a shinge, tana shiga gidajen da ke kewaye cikin dare.

Dalili na biyu shi ne yanayi. Ba a iya fara nuni sai duhu ya shiga, da bazara kuwa rana ba ta faɗuwa a can sai bayan ƙarfe 8 na dare. Sauro da hazo suna ɓata kallo. In hunturu ya zo da dusar ƙanƙara, sai a rufe fili har tsawon watanni, alhali haraji da kuɗin gyara ba sa tsayawa.

Dalili na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne samun fim. A wancan zamani manyan kampanonin Holiwud, irin su Paramount da Warner da Fox, su ke yin fim, su ke rarraba shi, kuma suna da gidajen silima na kansu. Sabon fim sai ya gama zagaya gidajensu kafin ya kai hannun ƙananan ƴan kasuwa. Sabon shiga irin Hollingshead ba ya samun komai sai tsohon fim da mutane suka riga suka gani, shi ma a kan kuɗin haya mai tsada.

Da ya ga asara ta yi yawa, sai ya sayar wa wani mai silima na garin Union, a arewacin jahar. Wannan ya kwashe kayan aikin ya tafi da su can. Filin Pennsauken ya koma kango, daga baya aka yanka shi aka yi gine-gine.

Kura da shan bugu

Hollingshead ya rabu da fili, amma bai rabu da takardarsa ba. Fatansa shi ne kampanin da suka kafa, mai suna Park-In Theatres, ya riƙa karɓar kaso daga duk wanda ya gina irin filinsa. Masu koyi kuwa ba su ɓata lokaci ba. A watan Afrilu 1934 wani mai suna Wilson Shankweiler ya buɗe nasa a ƙauyen Orefield na jahar Pensilbaniya. Cikin wannan shekara aka buɗe wasu a Galveston da Los Anjalas, a 1936 kuma a garin Weymouth.

Wasu sun biya kaso na ɗan lokaci suka daina, wasu ko farawa ba su yi ba. Sai aka shiga shari'a, shekara da shekaru, kuɗi suna tafiya wajen lauyoyi. A 1949 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukunci a ƙarar da ke tsakanin Park-In da kampanin wani mai gidajen silima, E. M. Loew. Alƙalai suka ce jera masu kallo cikin baka, layin baya ya hango ta bisa na gaba, abu ne da aka sani a wuraren wasa tun zamanin da, Hollingshead ya mai da shi kan motoci ne kawai, wannan kuwa bai kai a kira shi ƙirƙira ba. Aka soke takardar. Ko da ma ba a soke ta ba, wa'adinta zai cika a 1950, daidai lokacin da sana'ar ta fara kawo kuɗi na gaske. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hollingshead ya koma ma'aikatar gidansu, ya ci gaba da sana'ar kayan mota, ya rasu a watan Mayu 1975.

Shekarun cika fili

Kafin Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu a ƙarshen 1941, silimar motoci ba ta kai 100 ba a ƙasar duka. A wannan shekara ce kampanin RCA ya fito da maganin matsalar murya: ƙaramin amsa-kuwa da ake ratayewa a tagar kowace mota, yana da waya zuwa wani turke da ke gefe, yana da maƙunnin ƙarawa da ragewa. Amma yaƙi ya sa an taƙaita man fetur da taya, saboda haka sai bayan 1945 aka ci moriyarsa.

Da sojoji suka dawo gida, suka yi aure, aka yi ta haihuwa. Daga 1954 zuwa 1964, kowace shekara ana haifar yara fiye da miliyon 4. Sababbin iyalai suka bar tsakiyar birane suka koma unguwannin bayan gari, inda ba a zuwa ko'ina sai da mota. A 1948 kuma kotun ƙoli ta tilasta wa manyan kampanonin fim su rabu da gidajen silimarsu, ƙananan ƴan kasuwa suka ɗan sami sararawa. A wannan shekara an ƙirga silimar motoci 820. A 1958 sun kai 4063.

Kowane mai fili yana neman abin da zai ja mutane. Aka kafa wa yara lilo a gindin allo, aka tanadi wurin ɗumama madarar jarirai, aka kawo ƙananan na'urorin ɗumama mota domin a ƙara kwanakin aiki cikin sanyi. A tsakiyar nuni akan ba da hutu, mutane su yi layi wajen sayen gugguru da nama cikin burodi da lemo, yawancin ribar mai fili ma daga nan take fitowa, tun da kaso mai yawa na kuɗin shiga masu fim ne ke kwashewa. Wani fili a Copiague, kusa da Niyu Yok, yana ɗaukar mota 2500. A Niyu Jarsi kanta, wani matuƙin jirgi mai suna Ed Brown ya buɗe fili a 1948 mai wurin mota 500 da ƙananan jiragen sama 25. Samari da ƴanmata su ma suka mai da wurin mahaɗarsu, har iyaye da shugabannin addini suka yi ta ƙorafi. A ƙananan garuruwa da yawa, babu wani wurin da ke tara jama'a a daren Juma'a da Asabar kamar wannan fili. A lokacin cikar sana'ar, jahar Niyu Jarsi kaɗai tana da fiye da 40.

Gari ya cim ma fili

Raguwa ta zo a hankali, ta hanyoyi da dama. A 1950 gidajen da ke da talabijin ba su kai 1 cikin 10 ba, a 1960 kuwa sun kusa 9 cikin 10. A 1966 aka yi dokar da ta daidaita tura agogo gaba da awa 1 daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba a yawancin jahohi, sai ya zama duhu ba ya shiga da wuri, iyaye masu ƙananan yara ba sa iya jiran nunin da zai kai tsakar dare. A 1973, sa'an nan a 1979, man fetur ya yi tsada, mutane suka koma ƙananan motoci waɗanda ba su da daɗin zama na awa 3. Daga baya kaset ɗin bidiyo ya shigo, fim ya iso ɗakin kowa. Masu filaye da yawa suka koma nuna finafinan tsoro da na batsa domin su ja matasa, da haka suka kori iyalan da aka kafa sana'ar dominsu.

Amma abin da ya yanke hukunci shi ne ƙasa. Fili ɗaya yakan ci hekta 4 ko 5, wani ma fiye, ga shi ba ya aiki sai da dare, cikin rabin shekara. An sayi wurin da arha lokacin da yake gona a bakin hanya. Hanyar da ta kawo masu kallo ita ce ta kawo masu gina gidaje, gidaje suka kawo masu shaguna. Haraji ya hau, fitilun tituna suka dusashe hoton allo. Ranar da mai gina kasuwa ya taya fili da kuɗin da ya fi ribar shekaru masu yawa, mai fili ba ya dogon tunani, balle in ya tsufa, ƴaƴansa kuma ba sa sha'awar gadon aikin.

Kewayen Pennsauken ya ga wannan canji da idonsa. Filin jirgin saman da ke kusa ya rufe a 1957. A 1961 aka buɗe wata katafariyar kasuwa mai rufi a garin Cherry Hill da ke maƙwabtaka, ciniki ya koma can. Birnin Camden, mai mutum wajen dubu 124 a 1950, ya rasa manyan ma'aikatunsa, ƙidayar 2020 ta same shi da wajen dubu 72. Hanyar Admiral Wilson ta cika da mashaya da ƙananan masaukai marasa kyan suna, har sai da hukumar jaha ta rushe da yawa daga cikinsu a shekara ta 2000.

A farkon shekarun 1990, filayen da suka rage a Amurka ba su kai 1000 ba. Na ƙarshe a Niyu Jarsi, wanda ke garin Hazlet, ya rufe a 1991, aka gina shaguna a wurinsa. Jahar da ta haifi sana'ar ta yi shekara 13 ba ta da ko ɗaya, sai a 2004 da aka sake buɗe tsohon filin Delsea a garin Vineland.

Abin da ya rage

Waɗanda suka tsira sun sake dabara. An cire turaku da wayoyi, ana aika murya ta rediyon mota. Wasu suna ba da hayar fili da rana ga masu sayar da kayan gwanjo. Wajen 2013, da kampanonin fim suka fara daina aiko da fim a naɗe cikin faifai, ya zama dole kowa ya sayi sabon injin majigi mai aiki da kwamfuta, wanda kuɗinsa ya kai dala dubu 70 ko fiye, wasu suka rufe a nan. A 2020 saura wajen 300. A wannan shekara, da annobar korona ta sa aka rufe zaurukan silima, mutane suka sake tunawa da su, domin kowane iyali yana cikin motarsa, ba cuɗanya. Filin Shankweiler na ƙauyen Orefield, wanda aka gina ana koyi da na Pennsauken, ya cika shekara 90 yana aiki a 2024.

Na Pennsauken kuwa, allo ya tafi, tudun ƙasar an baje shi. Abin da ya saura shi ne ƴan hotuna, da tallar da jaridun 1933 suka buga, da zanen layuka masu kama da baka a cikin takarda mai lamba 1909537. Amurkawa masu sha'awar abin suna tunawa da ranar 6 ga Yuni kowace shekara. Motoci kuma suna nan suna bin hanyar dare da rana, sun ninka na zamanin Hollingshead sau da yawa, amma ba wadda ke tsayawa.